Daga Caji Ofis Zuwa Kotu a Kano: Tambayoyin da Jama'a Suka Fi Yi da Amsoshinsu

Na shafe shekaru ina raka mutanen unguwa ofisoshin 'yan sanda da kotuna a cikin birnin nan, wani lokaci da hantsi, wani lokaci bayan sallar isha, uwa tana kuka a bayan adaidaita. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ake yi mini a ƙofar masallaci da ta waya. Abin da idona ya gane mini shi ne, mafi yawan cutar da ake yi wa talaka tana faruwa ne a kwana biyun farko, kafin wani alƙali ya ga fuskarsa, shi ya sa na fi daɗewa a nan. Kowace magana da irin fuskarta, don haka idan abu ya yi nauyi a nemi lauya.

Wa ke da iko da 'yan sandan Kano, gwamna ko Abuja?

Abuja. Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda guda ɗaya ce a ƙasar nan, ta tarayya. Kwamishinan da ke zaune a Bompai Sufeto Janar yake yi wa biyayya, kuma a samansa akwai Mataimakin Sufeto Janar mai kula da Shiyya ta Ɗaya, wanda shi ma ofishinsa a Kano yake. Gwamna na iya ba kwamishina umarni kan zaman lafiya, yana saya musu motoci da mai, amma ba shi ke ɗaukarsu aiki ba, ba shi ke korarsu ba. Kwamishina ma yana da damar cewa sai an tuntuɓi sama kafin ya aiwatar.

Dattawa sun san lokacin da ba haka ba ne. A zamanin En'e, Kano na da 'yan dokarta da dogarai ƙarƙashin Sarki, suna aiki gefe da gefe da rundunar tarayya da aka haɗe a 1930. Bayan sojoji sun karɓi mulki ne, a ƙarshen shekarun 1960, aka narkar da 'yan doka cikin rundunar tarayya. Ɗaya daga cikin dalilan kuwa shi ne yadda aka riƙa amfani da su wajen gallaza wa 'yan adawa, musamman 'yan NEPU. Duk mai kiran a dawo da 'yan sandan jiha a yau, ya kamata ya riƙe wannan tarihin a zuciyarsa, ya tambayi wa zai tsawatar musu idan gwamna ya juya su kan abokan hamayyarsa.

Akwai rubutacciyar ƙa'ida da ta faɗi yadda ɗan sanda zai yi mu'amala da jama'a?

Akwai, har da yawa. Rundunar ta fitar da kundin ɗa'arta a 2013, sannan a 2020 aka sa hannu kan sabuwar Dokar 'Yan Sanda wadda ta maye gurbin ta 1943. Jihar Kano kuma ta yi tata dokar tafiyar da shari'ar laifuka a 2019, bayan ta tarayya ta 2015. Ana koyar da waɗannan a makarantunsu, ciki har da babbar makarantar da ke Wudil. Giɓin yana tsakanin abin da ke rubuce a takarda da abin da ake yi a caji ofis.

An kama ɗana yanzu-yanzu. Me zan fara yi?

Fara sanin inda yake. Wane ofishi, wane sashe, wa ke riƙe da binciken. Rubuta sunan jami'in da muƙaminsa, da lokacin da aka kama yaron, a takarda ko a waya. Wannan ɗan rubutun ya sha ceton mutane, domin bayan kwana uku kowa zai ce bai tuna ranar da aka kawo shi ba.

Kada ka je kai kaɗai, kuma kada ka je da zuga. Mutum biyu masu natsuwa sun isa, ɗaya ya zama dattijo. Ka yi sallama, ka ce, "Yallaɓai, ni ne mahaifinsa, ina so in san abin da ake zarginsa da shi." Tambaya ce da doka ta ba ka dama. Tsarin mulki ya ce a cikin awa 24 a sanar da wanda aka kama dalilin kama shi, a rubuce, cikin harshen da yake ji. Dokar 2020 ta ɗora wa 'yan sanda nauyin sanar da danginsa, ba tare da an biya ko kwabo ba, da kuma rubuta duk kayan da aka karɓa a hannunsa, waya ce ko kuɗi ko babur, a ba shi kwafi.

Abu mafi muhimmanci shi ne bayanin da za a rubuta. Yaro yana da 'yancin yin shiru har sai ya ga lauya ko wani da ya amince da shi, kuma doka ta yarda a ɗauki bayaninsa a gaban lauya, ko jami'in hukumar ba da agajin shari'a, ko wani mutum da ya zaɓa. Idan ba ya jin Turanci, a samo tafinta, a karanta masa abin da aka rubuta kafin ya sa hannu ko ya dangwala. Na taɓa tsayawa a wata kotu ana karanta wa wani matashi bayanin da aka ce nasa ne, da Turanci mai tsawo, yana ta kallon mahaifiyarsa yana girgiza kai. Ko ajin farko na sakandare bai gama ba. Ya dangwala ne saboda an ce masa takardar sallama ce. Wata bakwai muka yi muna fama da wannan dangwalen.

Kwana nawa doka ta yarda su tsare mutum?

Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce idan akwai kotu mai hurumi a cikin tazarar kilomita 40, a kai shi cikin kwana ɗaya. Idan babu, kwana biyu, ko abin da kotu ta ga ya dace. A cikin birnin Kano babu wani ofishi da ya yi wa kotu nisan kilomita 40. Laifukan da hukuncinsu kisa ne, kamar kisan kai da fashi da makami, tsarin mulki ya ware su daga wannan ƙa'ida, amma su ma ba a ajiye mutum sai baba ta gani, ana kai shi kotu a nemi izinin ci gaba da tsare shi.

Kamen yammacin Juma'a shi ne abin tsoro, tunda kotuna ba sa zama sai Litinin, kuma masu kai ƙara don cin mutunci sun san haka sarai. Idan laifin ba babba ba ne, DPO, wato shugaban caji ofis ɗin, na da ikon ba da beli a ofis ko ranar Asabar ce. Idan awa 24 ta wuce an ƙi, dangi na iya sanar da kotu, ita kuma ta sa a kawo shi. Doka ta kuma wajabta wa babban majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sanda aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba littafin kame, ya ga waɗanda ke bayan kanta, ya ba da beli inda ya dace.

An rubuta a bango cewa beli kyauta ne. Da gaske ne?

A doka, gaskiya ne. Kuɗin da ake ambata a takardar beli alkawari ne: mai tsayawa ya yarda zai biya kaza idan wanda ya tsaya wa ya gudu. Ba kuɗi ne da ake ƙirgawa a miƙa a kan tebur ba. Kuɗin takarda, kuɗin mai, kuɗin biro, na goro, duk sunan da aka laƙaba masa, cin hanci ne.

Na san abin da za a ce: ɗanka na ciki, sauro na cinsa, za ka tsaya kana karanta doka? Ba na zargin uban da ya biya cikin wannan hali. Amma kafin ka biya, ka gwada abu biyu. Ka nemi ganin DPO da kansa, domin sau da yawa cinikin a ƙasa yake tsayawa, bai kai teburinsa ba. Sannan ka tambaya cikin ladabi ko za a ba ka rasit. Na ga wannan tambayar ta sauya magana fiye da sau ɗaya.

Mace kuma tana iya tsaya wa mutum. Dokar tarayya ta 2015 ta faɗi haka ƙarara, kuma sashe na 42 na tsarin mulki ya hana nuna bambanci saboda jinsi. Uwa ko mata da aka kora aka ce ta je ta kawo namiji, an tauye mata haƙƙi.

Sun zo neman yayana ba su same shi ba, sai suka tafi da mahaifinmu. Ya halatta?

Bai halatta ba. Dokar 2020 ta haramta kama wani a madadin wanda ake nema. Garkuwa ce da sunan bincike. Sai dai idan shi mahaifin ana zarginsa da nasa laifin, kamar ɓoye mai laifi da gangan, to wannan tuhuma ce dabam, kuma sai an faɗe ta.

Ina bin wani ɗan kasuwa bashi ya ƙi biya. In kai shi wurin 'yan sanda?

Kada ka kai shi. A nan dole in faɗi gaskiya ko da za ta yi ɗaci, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne muke zuwa daga Kwari da Singa da Kofar Wambai da Farm Centre, mu ɗauki rigimar ciniki mu sa mata rigar zamba cikin aminci, mu ba da kuɗin mai a je a ɗauko mutum a gaban 'ya'yansa, a rufe shi har danginsa su haɗa kuɗin. Sai a cire kaso a ba mu saura. Washegari kuma mu zauna a majalisa muna zagin 'yan sanda da cin hanci. Jami'in da ka koya wa cewa ana sayen kame, gobe wani mai kuɗin da ya fi ka zai saye shi a kanka.

Dokar 2020 ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, kuma manyan kotunan ƙasar nan sun sha nanata cewa 'yan sanda ba masu karɓar bashi ba ne. Wanda aka rufe ta wannan hanya yana iya maka ku duka a kotu, kai da su, a ci ka tarar da ta fi bashin. Bashi yana da gidajensa: shugabannin kasuwa, kotun shari'ar Musulunci, sashen ƙananan basussuka na kotun majistare, da gidan sulhu na Babbar Kotu. Zamba ta gaske, wato wanda tun farko ya shirya yaudara ya karɓi kuɗi kan abin da babu shi, wannan laifi ne kuma aikin 'yan sanda ne.

An yi masa dukan tsiya har ya amsa laifi. Shi ke nan ya tabbata?

A'a. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 25 ga jami'in da ya azabtar da wani, kuma ba ta karɓar uzurin cewa umarni ne daga sama. Dokar shaida ta 2011 ta ce kotu ba za ta karɓi iƙirarin da aka samo ta hanyar gallazawa ba. Amma sai an tayar da maganar a daidai lokacin da mai gabatar da ƙara ya miƙa takardar, a nan ne alƙali zai tsaya ya binciki yadda aka same ta. Wanda ya yi shiru a wannan gaɓar ya wahalar da kansa.

Da zarar an sake shi ko an kai shi kotu, a ɗauki hoton raunukan, a kai shi asibitin gwamnati, a karɓi rahoton likita. Tabo yana warkewa cikin mako biyu, takarda tana nan. Idan an gurfanar da shi, ya buɗe baki ya gaya wa alƙali tun zaman farko, a rubuta.

Haka nan holin waɗanda ake zargi a gaban kyamara, da tsugunar da su ana yi musu tambayoyi a yaɗa a Facebook. Na san jama'a na jin sanyi idan sun ga an kama masu ƙwacen waya, ni ma an yi wa na kusa da ni ƙwacen. Amma sashe na 36 ya ce mutum ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar, kuma wanda kotu ta wanke daga baya, babu mai yaɗa bidiyon wankewar.

Suna da ikon tare ni a hanya su bincika wayata?

Suna da ikon tsayar da kai su bincika jikinka ko abin hawanka idan akwai dalili mai ƙarfi na zargi. Dokar 2020 ta fayyace cewa askinka, ko shigarka, ko shekarunka, ba dalili ba ne. Mace kuma mace ce ke bincika ta. Buɗe waya a karanta saƙonni a bakin titi ba tare da izinin kotu ba, shugabannin rundunar da kansu sun sha hana shi. Kada ka yi kokawa a shinge, musamman da dare. Ka riƙe suna, lambar mota, wuri da lokaci, ka kai ƙorafi da safe.

To ina ake kai ƙorafin?

A fara daga cikin gida. DPO, sai Kwamandan Yanki, sai Kwamishina a Bompai, sai ofishin Shiyya ta Ɗaya. Akwai sashen karɓar ƙorafe-ƙorafen jama'a da rundunar ta buɗe a 2015 zamanin Sufeto Janar Solomon Arase, wanda dokar 2020 ta ba shi gindin zama, ana samunsa ta waya da WhatsApp, kuma ofishin kakakin rundunar jiha yana karɓar koke. Ƙananan jami'ai ana yi musu shari'ar cikin gida, hukuncin yana iya zama rage muƙami ko kora.

A wajen rundunar akwai Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, wadda tsarin mulki ya ba ikon ɗauka da ƙarin girma da ladabtar da kowane ɗan sanda in ban da Sufeto Janar. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, da aka kafa a 1995, tana da ofis a Kano. Sai hanya mafi ƙarfi, wato shigar da ƙarar tauye haƙƙi a Babbar Kotu ƙarƙashin ƙa'idojin 2009. Irin wannan ƙara ba ta da wa'adin da za a ce lokaci ya wuce, kuma wani na iya shigar da ita a madadin wanda ke tsare. Tsarin mulki ya ce wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Karɓo kuɗin diyyar daga hannun rundunar yana da wuya ƙwarai, ba zan ɓoye ba, amma sau da yawa sammacin kotu kaɗai yana sa a buɗe ƙofar sel.

Duk inda za ka kai, ka kai a rubuce. Shafi ɗaya: wa, yaushe, ina, me aka yi, wa ya gani. Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a ɗaya ka tafi da shi. Koken baki iska ke ɗauke shi.

Ana hukunta su kuwa, ko dai ɓata lokaci ne?

Ana yi, amma bai kai yadda ya kamata ba, kuma an fi yi idan maganar ta fito fili. Rusa SARS, sashen 'yan sanda na yaƙi da fashi, a Oktoban 2020 ya biyo bayan shekaru na koke ne da aka yi ta shurewa har abin ya fashe. Inda aka fi samun cikas shi ne, kora daga aiki ba ita ce shari'a ba. Jami'in da ya kashe rai ko ya yi ƙwace, kamata ya yi bayan an tuɓe masa kaki a gurfanar da shi kamar kowa.

Ina kuma so a yi adalci. Mutanen Kano ba za su manta ranar 20 ga Janairun 2012 ba, lokacin da aka kai hari Bompai da ofishin shiyya da wasu ofisoshin, aka rasa rayuka sama da 150, cikinsu da 'yan sanda masu yawa. Na san ofisoshin da jami'i ke sayen takarda da biro daga aljihunsa, da barikin da ba za ka so ɗanka ya kwana a ciki ba. Wannan ba ya halatta zalunci, amma duk gyaran da bai taɓa albashi da kayan aiki ba, rabin gyara ne. Kuma na haɗu da masu binciken da suka ƙi karɓar ko ruwan leda.

Yaya kotunan laifi suke a jere a Kano?

A ƙasa akwai layi biyu. Na farko kotunan majistare, irin na Gidan Murtala da Nomansland da Gyaɗi-Gyaɗi, waɗanda ke aiki da kundin Final Kod da aka fara amfani da shi a Arewa a 1960. Su ke sauraron sata, rauni, zamba, tayar da hankali da makamantansu, yawanci bisa rahoton farko da 'yan sanda ke kawowa, ko ƙarar da mutum ya shigar kai tsaye. Na biyu kotunan shari'ar Musulunci, ƙanana da manya, irin ta Ƙofar Kudu da ta Shahuci. Asalinsu kotunan alƙalai ne, aka mayar da su kotunan yanki a ƙarshen shekarun 1960, sannan bayan ƙaddamar da shari'a a 2000 aka ba su wannan sunan da kundin laifukansu na dabam. Huruminsu a kan Musulmi yake, wanda ba Musulmi ba sai da yardarsa.

Sama da su akwai Babbar Kotun Jiha, mai zama a Sakatariyar Audu Baƙo da Titin Miller, wadda ke shari'ar kisan kai da fashi da makami da garkuwa da mutane, kuma take sauraron afil daga ƙasa. Mai Shari'a Dije Abdu Aboki ce mace ta farko da ta shugabance ta, tun 2023. Babbar Kotun Tarayya da ke Gyaɗi-Gyaɗi tata dabam ce: miyagun ƙwayoyi, ta'addanci, jabun kuɗi, halatta kuɗin haram, laifukan intanet. Daga waɗannan biyun sai Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda a da sai an je Kaduna amma yanzu tana da reshe a Kano, sai Kotun Ƙoli a Abuja. Hukuncin kisa kuwa, ko an gama duk afil, ba a zartar da shi sai gwamna ya sa hannu.

Idan babbar kotun shari'ar Musulunci ta yanke wa mutum hukuncin laifi, ina zai ɗaukaka?

Mutane da yawa suna zaton Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, wadda Alƙalin Alƙalai ke shugabanta. Sai dai sashe na 277 ya taƙaita huruminta ga aure, gado, wasiyya, waƙafi, riƙon yara da kyauta. Afil na laifi Babbar Kotun Jiha yake zuwa. An ga haka a shari'ar wani matashin mawaƙi da aka yanke wa hukuncin kisa a Agustan 2020: a Janairun 2021 Babbar Kotu ta soke hukuncin ta ce a sake shari'ar, saboda an yi ta ba shi da lauya. Wa'adin afil daga ƙananan kotuna yawanci kwana 30 ne, daga Babbar Kotu kuma kwana 90, don haka a nemi kwafin hukunci tun ranar da aka yanke.

Majistare ya ce ba shi da hurumi, amma ya tura shi gidan yari. Wannan wace irin magana ce?

Wannan shi ne ramin da ya fi cinye mutane. Idan zargin babba ne, 'yan sanda kan kai mutum gaban majistare don a ba da izinin ajiye shi kawai. Daga nan sai a aika fayil Ma'aikatar Shari'a, lauyoyin gwamnati su duba su ba da shawara: a gurfanar da shi a Babbar Kotu, ko a rage tuhumar, ko a sake shi don babu hujja. Kafin shawarar ta fito, yana Kurmawa ko Goron Dutse yana jira.

Idan ana so, abin yana sauri. Shari'ar Hanifa, yarinyar nan 'yar shekara biyar da aka sace aka kashe, an fara ta a kotun majistare a Janairun 2022, aka mayar da ita Babbar Kotu, zuwa Yulin shekarar an yanke wa mai makarantarsu da wanda ya taimaka masa hukuncin kisa. Wata shida. Duk Kano na kallo, shi ya sa. Ɗan talakan da babu mai kallonsa, fayil ɗinsa na iya kwana a durowar mai bincike saboda babu kuɗin kwafi, ko a yi wa jami'in canjin wurin aiki ya tafi, shekara ta zagayo ba a ko aika ba. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Nijeriya jiran shari'a suke, ba a yanke musu komai ba.

Dokokin yanzu sun sa wa irin wannan ajiya wa'adi. A ta tarayya kwana 14 ne a karon farko, kuma sai an kawo dalili kafin a ƙara. Amma wa'adi ba ya aiki da kansa, sai da mai tunatarwa.

Hisba da KAROTA da 'yan sintiri fa?

Hisba hukumar jiha ce da dokar 2003 ta kafa, KAROTA kuma ta hanya ce. 'Yan sintiri da 'yan kwamitin unguwa suna taimakawa ƙwarai, kuma doka ta yarda kowane mutum ya kama wanda ya gani yana aikata laifi, da sharaɗin ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da jinkiri ba. Babu ɗayansu da yake kotu. Ɗaure mutum a ofishin sintiri ana zane shi, ko taron dangi a kan wanda aka yi wa ihun ɓarawo, laifi ne da ke kai mai yinsa Babbar Kotu idan rai ya salwanta.

Mun sasanta a gida. Za mu iya janye ƙara?

A ƙananan laifuka kamar zagi, ƙaramin rauni ko rikicin maƙwabta, kotu na karɓar sulhu, har tana ƙarfafa shi. A manyan laifuka ƙarar ta gwamnati ce, Antoni Janar kaɗai ke da ikon dakatar da ita bisa sashe na 211. A kotun shari'ar Musulunci magadan wanda aka kashe suna da bakin magana kan ƙisasi ko diyya ko yafewa. Fyaɗe kuwa, ina roƙon iyaye da masu unguwa da su daina rufe shi da sunan rufin asiri. Wanda aka rufa wa asiri a wannan layin, layi na gaba yake komawa.

Ba mu da kuɗin lauya.

Hukumar ba da agajin shari'a ta ƙasa, wadda aka kafa a 1976, tana da ofis a Kano kuma aikinta kyauta ne ga marasa hali. Ƙungiyar lauyoyi tana da kwamitin kare haƙƙi, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana tsaya wa mata da yara. A laifin da hukuncinsa kisa ne, wajibi ne kotu ta samar wa wanda ake tuhuma lauya. Tafinta ma kyauta ne. A yi hattara da 'yan kan-ta-waye da ke yawo a harabar kotu suna cewa sun san alƙali.

Idan alƙali ko ma'aikacin kotu ne ya nemi wani abu fa?

Majistare da alƙalan kotunan shari'ar Musulunci da magatakarda da masinjoji suna ƙarƙashin Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta Jihar Kano, ana rubuta koke zuwa gare ta ta ofishin Babban Joji ko na Alƙalin Alƙalai. Alƙalan Babbar Kotu da Kadi-kadi kuma Majalisar Shari'a ta Ƙasa ce ke ladabtar da su. Hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jiha ita ma tana karɓar irin wannan. A bambance abu biyu: hukuncin da bai yi maka daɗi ba afil ake yi masa, neman na goro shi ake kai wa koke.

Ƙanena ya fi shekara a Kurmawa, ba a ko fara shari'arsa ba. Ta ina zan ɓullo?

Je ka kotun da ta tura shi, ka sami magatakarda, ka karɓi lambar shari'ar da ranar zama na ƙarshe da na gaba. Daga nan ka gano inda fayil yake: yana hannun mai bincike, ko yana sashen shari'a na rundunar a Bompai, ko ya isa Ma'aikatar Shari'a a Sakatariyar Audu Baƙo. Idan bai bar hannun 'yan sanda ba, a rubuta wa Kwamishina. Idan ya isa ma'aikatar, a rubuta wa Antoni Janar ana neman a fitar da shawara, a maƙala lambar shari'ar da ranar da aka kama shi. A lokaci guda lauya ya nemi beli a Babbar Kotu, domin tana da ikon da majistare ba shi da shi, kuma daɗewa ba tare da shari'a ba hujja ce da take saurara.

Babban Joji kan kai ziyara gidajen gyaran hali lokaci-lokaci ya sallami waɗanda zamansu ya wuce ƙima, musamman wanda ya riga ya yi kwanakin da suka fi hukuncin laifin da ake zarginsa da shi. Jami'in walwala na gidan yana cikin masu haɗa sunayen da za a gabatar. Ka je ka gan shi da takardunka a hannu, ka tabbatar sunan ƙanenka da lambar shari'arsa suna cikin jerin, sannan kowace ranar zama wani daga gida ya kasance a kotu ko da an san ɗagewa za a yi.